Likita James Naismith, Bawan Allah Da Ya Ƙago Ƙwallon Kwando

A ƙarshen shekarun 1970 an yi bikin wasannin kwalejojin horon malamai na ƙasa baki ɗaya a nan birnin Sakkwato. Cikin baƙin da suka zo daga Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15, wanda makarantarsu ta kawo domin ya buga mata ƙwallon hannu. Da abokansa suka dubi tsawonsa sai suka roƙi mai horarwa ya bar shi ya shiga ƙwallon kwando shi ma, aka kuwa yarda. A garin nan namu ne Hakeem Olajuwon ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. Daga baya ya tafi Amurka, ya ci wa ƙungiyar Houston Rockets kofin ƙasar a 1994 da 1995, a 2008 kuma aka sa sunansa a gidan tunawa da gwanayen wasan, wanda yake a garin Springfield. Gidan nan yana ɗauke da sunan wani mutum, Naismith.

Da yawa cikin matasanmu suna jefa ƙwallo a kwando ba su san wanda ya ƙago wasan ba. Ba su san cewa ɗan makarantar tauhidi ne, likita ne, malami ne, faston soja ne kuma. A filinmu na tarihin bayin Allah na wannan mako, za mu duba rayuwarsa, gama akwai abin koyo a cikinta ga iyaye, da fastoci, da shugabannin matasa.

Maraya a ƙasar sanyi

An haifi James Naismith ran 6 ga watan Nuwamba 1861 kusa da garin Almonte a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Iyayensa, John Naismith da Margaret Young, asalinsu mutanen Sikotland ne, masu bi ne kuma a Ikkilisiyar Firesbiteriya. A shekara ta 1870 zazzaɓin taifot ya kwashe uban da uwar cikin 'yan makonni kaɗan, lokacin James yana gab da cika shekara 9. Shi da yayarsa Annie da ƙanensa Robert suka koma hannun kakarsu, ita ma ba ta daɗe ba ta rasu. Sai riƙonsu ya koma ga kawunsu Peter Young, manomi mai tsanani, wanda ba ya sangarta yaro.

A gidan kawunsa ya koyi noma, da saran itace, da korar dawakan keken kaya cikin dusar ƙanƙara. A makarantar ƙauyensu kuwa ya fi suna wajen wasa bisa ga karatu. Akwai wani wasa da yaran wurin suke yi, a ɗora ƙaramin dutse a kan babba, yaro ɗaya yana tsaro, sauran suna jifa domin su kayar da shi. James ya lura cewa mai jifa da ƙarfin tsiya yakan kuskure, dutsensa ya yi nisa, amma wanda ya cilla nasa sama a hankali ya sauko a lanƙwashe, shi ne yakan dace. Ya ajiye wannan a ransa, bai san ranar amfaninsa ba.

Yana tsakiyar makarantar sakandare ya watsar da karatu, ya bi masu saran katako cikin daji har 'yan shekaru. Mai karatu zai iya cewa maganar yaron nan ta ƙare ke nan. Amma Ubangiji bai gama da shi ba. Yana wajen shekara 20 ya koma aji ya zauna tare da ƙannen bayansa, bai ji kunya ba, ya gama a 1883. A shekarar nan ya shiga Jami'ar McGill a birnin Montreal da niyyar zama mai hidimar bishara.

Tsakanin bagade da filin wasa

A McGill ya yi fice a ƙwallon zari-ruga da wasannin lanƙwasa jiki, har ya ci lambobin yabo. Ya sami digirinsa na fari a 1887, ya wuce Kwalejin Firesbiteriya ta Montreal domin koyon tauhidi, yana kuma koyar da motsa jiki a jami'ar domin ya biya kuɗin makaranta.

A nan ne gardama ta taso. A zamanin, masu bi da yawa suna ɗaukar wasanni masu zafi a kan aikin Shaiɗan ne, ko kuwa ɓata lokaci ne wanda bai dace da mai shirin hawa bagade ba. Waɗansu abokan karatunsa har taruwa suka yi suna addu'a domin ransa. Wata Lahadi ma ya hau yin wa'azi idanunsa biyu a kumbure, sun yi baƙi saboda wasan da ya buga kafin ranar, jama'a suna ta kallonsa.

Abin da ya juya tunaninsa ƙaramin abu ne. Wata rana ana gwajin zari-ruga, wani ɗan wasa da yake kusa da shi ya fusata ya saki ashar. Da ya waiwaya ya ga James, sai ya sunkuyar da kai ya nemi gafara, ya ce ya manta yana wurin. James bai taɓa tsawata wa mutumin nan ba, bai taɓa yi masa wa'azi ba, shi kansa ya ji ashar da ta fi wannan a dajin katako. Ya yi ta juya abin a zuciyarsa. Ya gane cewa zamansa cikinsu, yana wasa da ƙarfinsa duka ba tare da zamba ko zagi ba, ya riga ya yi musu magana. Ya gane kuma cewa akwai samari da yawa waɗanda ba za su taɓa taka ƙofar majami'a ba, amma kowace yamma suna filin wasa.

Da ya gama tauhidi a 1890 bai karɓi riƙon ikkilisiya ba. Wannan ya ɓata wa 'yan gidansu rai ƙwarai, musamman yayarsa Annie wadda ta sa rai ta ga ƙanenta a kan bagade. Ya haye Amurka, ya shiga makarantar horon ma'aikatan Ƙungiyar Samari Kirista, wato YMCA, a Springfield ta jihar Massachusetts. Ƙungiyar nan George Williams ne ya kafa ta a Landan a 1844. A takardar neman shiga makarantar, James ya bayyana cewa burinsa shi ne ya jawo mutane zuwa ga Ubangiji ta hanyar ɗakin motsa jiki.

Kwana 14 da kwanduna biyu

Shugaban sashen motsa jiki a makarantar shi ne Likita Luther Gulick, ɗan masu aikin mishan, wanda ya zana tambarin YMCA mai kusurwa uku. Kusurwoyin suna nufin ruhu, da hankali, da jiki, wato mutum ɗaya ne, ba a kula da sashe ɗaya a yar da sauran. Bayan shekara guda aka ɗauki Naismith malami a wurin.

A watan Disamba 1891 sanyi ya rufe gari, ƙanƙara ta hana wasa a waje. Akwai wani aji na samari 18 waɗanda suka gaji da fareti da ɗaga sanduna a cikin ɗaki, har sun gagari malamai biyu. Gulick ya danƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi a cikin ɗaki, wanda zai gajiyar da jiki ba tare da an karya ƙashin kowa ba.

Ya fara gwada kawo wasannin waje cikin ɗaki, abin ya ƙi, aka yi ta jin ciwo. Da kwanakin suka kusa ƙarewa sai ya zauna ya bi abin daki-daki kamar mai bincike. Ya tambayi kansa daga ina rauni yake fitowa a zari-ruga. Daga kayar da mutum ne. Me ya sa ake kayar da mutum? Domin yana gudu da ƙwallo. To, idan an hana gudu da ƙwallo a hannu, ba sauran dalilin kayarwa. Ya sake duba raga. Idan raga tana tsaye a ƙasa, sai a buga da ƙarfi, masu tsaro kuma su cunkushe a bakinta. A nan ya tuna da wasan dutsen ƙuruciyarsa. Idan aka ɗaga ragar sama da kawunan mutane, bakinta yana duban sama, ƙarfi ba zai yi amfani ba, sai gwaninta da saiti.

Ya nemi akwatuna biyu a wurin mai kula da ginin, ba a samu ba, sai aka ba shi kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu. Ya kafa su a jikin dakalin bene na ɗakin, wanda tsayinsa ƙafa 10 ne daga ƙasa, har yau kuwa tsayin kwando ke nan a duk duniya. Ya rubuta dokoki 13 aka manna a allo. Ran 21 ga Disamba 1891 aka buga wasan farko da ƙwallon ƙafa, mutum tara-tara, aka tashi ɗaya da nema. Da yake kwandon yana da gindi, duk lokacin da ƙwallo ta shiga sai an hau an ciro ta.

Wani ɗalibi ya kawo shawara a sa wa wasan sunan Naismith. Ya yi dariya ya ƙi, aka bar shi da sunan kwando. An buga dokokin a mujallar makarantar ran 15 ga Janairu 1892. A shekarar nan wata malama, Senda Berenson, ta daidaita wasan domin 'yan mata a Kwalejin Smith. Ɗaliban da suka gama suka bazu da shi duk inda aikin YMCA ya kai su, ya isa Faransa a 1893, ya isa ƙasar Sin a 1895.

Malami ya koma ɗalibin likita

Wani da ya ƙago abu irin wannan, da sai ya zauna yana cin sunansa. Naismith kuwa ya ga akwai abin da ya rage masa. Yana sa samari gudu da tsalle, amma bai san abin da yake faruwa a cikin zuciyarsu da huhunsu da gaɓoɓinsu sosai ba. Ya auri Maude Sherman a 1894, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. A 1895 ya kwashi iyalinsa zuwa birnin Denver ya riƙe sashen motsa jiki na YMCA, yana aikin nan yana kuma karatun likita, har ya sami digirinsa a 1898 yana da shekara 36.

A shekarar nan Jami'ar Kansas a garin Lawrence tana neman mutum ɗaya da zai bi da sujadar ɗalibai ya kuma koyar da motsa jiki. Tsohon abokinsa na Springfield, Amos Alonzo Stagg, ya ba da sunansa. Ya je, ya kuwa zauna a can har ƙarshen ransa. Ya yi kusan shekara 40 yana koyarwa kafin ya yi ritaya a 1937.

Aikinsa a Kansas kashi uku ne. Na fari koyarwa: motsa jiki, da tsabta, da sanin jikin ɗan Adam, da horar da waɗanda za su zama malaman wasanni. Na biyu bincike. Shekara da shekaru yana auna sababbin ɗalibai, tsayi da nauyi da faɗin ƙirji, yana rubutawa yana ajiyewa, domin a san motsa jikin da ya dace da kowane mutum maimakon a yi wa kowa kuɗin goro. Da aka fara ƙorafi cewa ƙwallon kwando ya yi wa yara 'yan sakandare tsanani, yana iya lalata musu zuciya da ƙoda, bai tashi kāre wasansa da baki ba. Ya duba lafiyar 'yan wasa, ya sa aka riƙe agogo ana ƙidaya ainihin lokacin da ɗan wasa yake cikin gudu. Abin da ya gano shi ne, yaro mai lafiya wanda aka duba shi kafin ya fara, wasan ba ya cutar da shi. Na uku kula da 'yan wasa, gama shi likita ne a cikinsu, mai ɗaure targaɗe, mai ba da shawara, mai sauraron damuwar saurayi.

Shi ne ya fara horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, daga 1898 zuwa 1907. Ga abin mamaki: ya ci wasa 55, aka cinye shi 60. Cikin dukan masu horarwa da jami'ar ta yi, wanda ya ƙago wasan ne kaɗai aka fi cinyewa. Abin bai dame shi ba, domin sau da yawa ma alƙalancin wasan yakan yi. A ganinsa wasa na gina mutum ne, har ya taɓa faɗa wa ɗalibinsa Forrest Allen cewa ƙwallon kwando bugawa ake yi, ba ya bukatar mai horarwa. A nan kam almajiri ya nuna wa malaminsa kuskure. Allen ya zama babban mai horarwa, ya ci kofin jami'o'in Amurka a 1952. Cikin yaran Allen akwai Dean Smith, wanda daga baya ya horar da Michael Jordan.

A sansanin soja

A 1916 aka naɗa shi fasto a Ikkilisiyar Firesbiteriya, shekara 26 bayan ya gama tauhidi. A shekarar ya bi sojojin Kansas zuwa iyakar Meziko a matsayin faston soja. Ya ga yadda zaman banza yake tura samari gidajen giya da na karuwai a cikin gari. Sai ya shirya damben zamani kusa da ƙofar sansani daidai lokacin da suke fita. Mai wucewa ya tsaya kallo, kafin a tashi dare ya yi, ya koma makwancinsa. A 1917, yana da shekara 55, ya tafi Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙarƙashin YMCA, ya yi wata 19 yana koya wa sojoji tsabta da kamun kai, yana yi musu bayanin cututtukan da ake ɗauka ta fasikanci, da bakin likita da kuma zuciyar fasto.

Ɗalibin da aka hana wasa

A 1933 wani saurayi baƙar fata, John McLendon, ya shiga sashen motsa jiki na Kansas. A lokacin wariyar launin fata tana da ƙarfi. Ba a yarda ya buga wa jami'ar wasa ba, wurin iyo ma sai da aka yi ta fama. Naismith, tsoho mai shekara 70 da 'yan kai, ya zama mai ba shi shawara, ya tsaya masa, ya koya masa wasan yadda shi ya hango shi, wato a kai hari da sauri daga duk inda aka sami ƙwallo. McLendon ya gama a 1936. Da salon nan ya ci kofin ƙasa na ƙananan jami'o'i sau uku a jere, 1957 da 1958 da 1959, tare da wata jami'ar baƙar fata ta jihar Tennessee. Har tsufansa yana ambaton alherin malaminsa.

Ƙarshen kwanakinsa

Naismith bai yi arziki da wasansa ba. Da aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olimfik na birnin Balin a Jamus a 1936, masu horarwa na Amurka ne suka yi karo-karo, ana cire ɗan abu daga kuɗin shiga kallo, aka biya masa kuɗin tafiya. Ya ga ƙasashe 21 suna buga wasan da ya ƙago domin samari 18, har da Masar daga nahiyarmu. An buga wasan ƙarshe a fili cikin ruwan sama da taɓo, Amurka ta ci Kanada 19 da 8, Meziko ta zo ta uku, shi ya miƙa lambobin.

Matarsa Maude ta rasu a 1937. Ya sake aure a 1939, amma a watan Nuwamba na shekarar jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya huta ran 28 ga wata a Lawrence, yana da shekara 78. A 2010 aka sayar da takardu biyun nan masu dokoki 13 a kan dala miliyan 4 da dubu 300, wanda ya saya ya ba Jami'ar Kansas.

Abin da ya rage mana

Irin da ya shuka ya tsiro har a ƙasarmu. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a can, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta kai kofin Amurka ƙasar Kanada a 2019, wato ƙasar haihuwar Naismith. Ƙungiyar maza ta Nijeriya ta ci kofin Afirka a 2015, ta mata kuma ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a Olimfik na birnin Faris a 2024, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba. Olajuwon Musulmi ne mai riƙo da addininsa, wasan kuwa daga makarantar Kirista ya fito. A gari irin namu inda muke zaman maƙwabtaka, filin wasa yana cikin wuraren da 'ya'yanmu da nasu suke haɗuwa su san juna.

'Yan'uwa, gardamar da aka yi da Naismith ba ta mutu ba. Har yanzu akwai iyayen da in yaro ya ce zai karanta ilimin motsa jiki da lafiya, sai a ce ya rasa abin yi. Akwai kuma masu kafa hujja da 1 Timoti 4:8, inda Manzo Bulus ya fifita ibada a kan horon jiki. Gaskiya ne ya fifita ta, amma bai ce horon jiki banza ne ba. Shi ne kuma a 1 Korintiyawa sura 6 ya koya mana darajar jikin mai bi a gaban Allah, a sura 9 ya ɗauki mai tsere da ɗan dambe ya yi mana misalin kamun kai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana horar da malaman wannan fanni. Yaron da Allah ya ba wannan baiwa, kada mu sa shi ya binne ta.

Sai dai mu ɗauki rayuwar mutumin nan dukanta. Shi bai tsaya ga tara yara a fili ba, ya je ya koyi yadda jikinsu yake aiki. Matsalarsa sanyi ce, tamu zafi ce, gama a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Shugaban matasa ko hafsan Birged da ya sa yara gudu da tsakar rana ba ruwan sha, ko ya mai da yaro fili da targaɗe domin a ci kofin gunduma, ko ya rage wa ƙato shekaru domin ya shiga gasar yara, ya rabu da hanyar Naismith ko da ya buɗe wasan da addu'a. A yi wasa da sassafe ko da la'asar sakaliya. A tanadi ruwa. A tambayi iyaye ko yaro yana da sikila ko asma ko ciwon zuciya. A nemi ma'aikacin lafiya cikin ikkilisiya ya riƙa leƙawa, a kuma ba 'yan mata nasu lokaci.

Yawancin majami'unmu suna da fili wanda yake zaman banza daga Litinin zuwa Asabar, samarinmu kuwa suna bakin titi, waɗansu har sun fara shaye-shaye. Kwamitin ikkilisiya ya zauna ya lissafta kuɗin ƙarfe biyu da ƙwallo ɗaya, ya kuma nemi mutum mai tsoron Allah wanda zai tsaya tare da yaran, irin wanda in an yi ashar a gabansa za a ji kunya.

Ubangiji ya tayar mana da irin waɗannan ma'aikata a cikinmu, ya kiyaye 'ya'yanmu, ruhu da hankali da jiki. Amin.